Ramar da Ta Ci Maganar Mutanen Ƙwarya

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ba fegi, ya ɗaga sama ba gwafa, ya raba wa bayinsa arziki, ni kuma ya ƙara mini yatsa a hannun hagu don kada in ce an manta da ni. Ku gyara zama. Mai tari ya yi tarinsa yanzu, mai jin fitsari ya je ya dawo, don in na kama ba na son a riƙa tashi.

Ni ne Cindo mai tufka. Igiya nake yi, ta rama da ta kaba, ita na gada. Abin da ya fitar da ni daga gida, wani abokina ne ya ce a bayan duwatsun gabas akwai wata irin rama wadda igiyarta ba ta ruɓewa ko ta tsufa a rijiya. Na san maƙaryaci ne, don tare muka koya. Amma ya rantse, kuma a lokacin zaman gidan bai yi mini daɗi ba. Sai na ɗora wa jakina damin rama wadda ban tufka ba, na ce in ban samo waccan ba na sayar da wannan.

Na wuce ƙasar da inuwa take gudun mutum, sai ka yi kamar ba ita kake nufi ba sannan ta tsaya. Na ƙetare kogin da ba ya ɗaukar mai fushi, sai da na zauna a bakinsa na yafe wa surukina, na haye, sannan na janye yafiyar. Daga nan na faɗa Dajin Tsawa.

Tsuntsayen dajin nan kowanne ya kai rumbu. Ba sa cin mutum, kuka kawai suke yi. Na farko da ya buɗe baki, gorar ruwana ta tsage a kafaɗata. Jaki ya watsar da kaya ya yi yamma, har yau ban sake ganinsa ba. Ni kuwa da na rasa rami, sai na cusa kaina cikin damin ramar har kafaɗa, na bar sauran jikina a waje ya ji da kansa. Ikon Allah, sai kukan ya koma can nesa, kamar ana daka a wani ƙauye. A nan na tuna matata, wadda take cewa da gangan nake ƙin amsa kira in ina ɗakin rama. Ashe rabi ne kawai da gangan.

Da tsuntsayen suka gaji, na ɗauki damina a ka na ci gaba, har na iso wani dutse mai tsaga. Na bi tsagar, sai ga ni a bakin gari.

Garin a cikin dutsen yake. An rarake shi kamar ƙwarya, shi ya sa suke ce masa Ƙwarya. Bangonsa sumul kamar an shafa mai, gidaje duk sassaƙa ne a jikinsa, hawa kan hawa. A garin nan ƙara ba ta mutuwa. In ka yi atishawa da safe, kana cin abincin rana za ta dawo ta wuce ka. Dakan jiya yana karo da dakan yau, kukan yaro yana yawo bayan yaron ya yi shiru ya kama wasa. Duk wanda na gani idonsa jajir, kuma ba mai kallon ka gaba da gaba, sai ta gefe.

Ban gama sauke numfashi ba, sai wata murya ta fito daga bango.

“Kai mai kaya. Sunanka.”

Na waiga, ba kowa. Na ce, “Cindo, ranka ya daɗe, in da ran.”

“Mene ne a kanka?”

“Rama ce.”

“Me take yi?”

“Ba ta komai. A kwance take.”

Muryar ta ce, “Za mu gani. A nan ba a raɗa. Abin da ba za ka faɗa kowa ya ji ba, ka haɗiye shi. A kai shi gidan Tunau.”

Daga baya na gane yadda abin yake. A gindin garin akwai wani rami a jikin dutse, Kunnen Gari. Duk maganar da aka yi can take gangarawa, daga can kuma take sake tasowa ta zaga. A bakin ramin wani mutum yake zama, sarautarsa Kunnau. Shi ne alƙali, shi ne mai shela. Ba ya neman shaida, don ya riga ya ji.

Gidan Tunau, matarsa Gwamma ce ta tarye ni, wata gajeriyar dattijuwa mai ƙarfin dantse. Ta ɗaga murya ta ce, “Maraba da baƙon Kunnau. Gidanmu ya yi sa'a.” Bakinta ke nan. Idonta kuwa yana kan yatsana na shida, kamar da shi na zo yin sata. Ta ɗauke wuƙar yanka kuɓewa daga tsakar gida ta soke a zaninta.

Na ce, “Sannu da gida, Iya. Allah ya bar zumunci.” Na jawo damina kusa da ƙafata.

Mai gidan yana kwance a lungu, kansa ɗaure da tsumma. Ciwonsa ƙara ce. Ko cokali ya faɗi a gidan maƙwabta sai ka ga ya zabura kamar an soka masa ƙusa. Ya rame har ana ganin haƙarƙarinsa, don ya manta rabonsa da barcin kirki.

Ni ma barcin ya gagare ni, sai na koma dabarar daji. Rana ta take, na cusa kai a dami na yi ƙailula. Da na farka na ga Gwamma tsaye a kaina. Ta ture ni da ƙafa, ta durƙusa, ta sa nata kan a inda na cire nawa. Ta daɗe a haka har na ɗauka ta suma. Da ta fito, ta kalli mijinta, ta kalle ni, sannan ta faɗa da ƙarfi, yadda gari zai ji:

“Baƙo, bangon ɗakin ajiyar can sanyi gare shi. Ciyawar nan taka tana maganin sanyi?”

Na gane abin da take nufi, amma ban gane dalilin da za ta yarda da ni ba. Na ce a raina, ko dai an sa ta ne ta gwada ni. Sai dai tuwon da zan ci a hannunta yake.

Na ce, “Tana yi, Iya. Amma wannan ba za ta isa ba.”

Ashe a bayan garin irin kayan nan ba mai kula su. Rama tana fitowa ta bushe a banza, soso yana lilo a jikin dutse, rimi yana zubar da audugarsa iska tana wasa da ita. Gwamma ta riƙa jido su a kwando, ta rufa ganyen miya a sama.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Da farko na danƙare ramar na matse ta tam a bango, irin yadda mai tufka ya saba. Na shiga na tafa hannu, tafin ya dawo mini. Na kwance, na bubbuge ta da sanda har ta tashi ta yi sako-sako, na sake jerawa. Sai tafin ya shige bai fito ba. Ashe ƙara kamar ɓera take, sai ta sami kafar shiga sannan take ɓacewa a ciki. Na saƙa tabarmin kaba, na haɗa bibbiyu na cusa audugar rimi a tsakani. Wannan ya kashe kukan yara da guɗar mata, amma dum-dum ɗin turmi yana ratsowa. Na yi ta juya abu, har na gano in na janye tabarmin daga jikin dutsen, na bar fili kamar faɗin tafin hannu a bayansu, dakan ma yana raguwa. Kusurwoyi na cika su da soso, don a nan ƙara take taruwa. Rufi ma na lulluɓe. Ƙofa na yi mata labule mai kauri kamar katifa.

Duk abin nan muna yi muna faɗa wa gari labarin sanyi. Gwamma ta ce, “Sanyin ya ragu kuwa?” In ce, “Saura na turmi.” Ta harare ni. In ce, “Saura na ƙasa, Iya.”

Muka kinkimo Tunau muka shigar. Ya buɗe ido yana dube-dube, ya kwance tsumman kansa da hannunsa. Kafin mu gyara masa matashi barci ya ɗauke shi.

Gwamma ta saki labulen, muka rage mu uku a ciki. Ta gwada muryarta a hankali, kamar mai taka kan tsohuwar rijiya.

“Ba ya fita?”

“Ba ya fita.”

Ta ja numfashi. “To bari in faɗa maka, baƙo. Ban yarda da kai ba. Tun da ka shigo.”

“Ni ma haka, Iya.”

“Kuma cinka ya yi yawa.”

“Miyar ce gishiri bai ji ba, sai in cike da tuwo.”

Ta toshe bakinta, kafaɗunta suna rawa. Ina jin ita ce dariyar farko da ta yi ba tare da ta auna wa zai ji ba.

Tunau ya fara cin abinci, ya fara fitowa tsakar gida shan hantsi. Maƙwabta suka lura. Sai aka fara zuwa duba mara lafiya. Abin mamaki, mara lafiyan yana zaune a waje, masu dubiya suna wuce shi su shige ɗaki. Wata ta shiga da 'yar uwarta. Wani ya shiga da matarsa, suka fito ba sa kallon juna amma hannunsa yana riƙe da gefen mayafinta. Wasu su kaɗai suke shiga, su fuskanci bango su yi ta magana. Ni aka sa a bakin ƙofa ina ɗaga labule ina saki, don nauyi gare shi.

Ku tambaye ni ko na saurara. Na saurara mana, ni Cindo ne. Har kunne na manna. Amma aikin nawa ya yi kyau da yawa, ba abin da nake ji sai kamar ƙuda a tulu. Su kuwa ba su san haka ba. Kowa ya fito sai ya tsaya ya dube ni, ya dubi kunnena, ya dubi bakina. Gaisuwarsu ta ƙara zaƙi, ni kuma na daina cin abin da aka aiko mini sai kaza ta ɗanɗana.

Wanda ya fi daɗewa a ciki Barmo ne, wanzamin gari, dogo mai zabira a hammata. Ya fito idonsa ya kumbura. Ya tsaya a kaina yana kallon bakina yadda yake kallon ƙeyar da ta isa aski.

Ya ce, “Sannu da aiki, baƙo.”

Na ce, “Sannu da dubiya, sarkin aska.”

Wata safiya Kunnau ya zo da kansa. Siriri ne, hularsa an yanke mata gefe da gefe don kada ta taɓa kunnuwansa. Tsakar gida ta yi tsit, wato bakuna suka yi tsit, bango yana ta nasa.

Ya ce, “Tunau, na daina jin nishinka. Na ɗauka ka mutu ba a gaya mini ba. Sannan mutane suna shigowa gidan nan da takunsu, sai takun ya yanke, sai can ya dawo. A tsakani ina suke zuwa?”

Ya nuna ni da haɓa, muka shiga ɗakin, ya saki labule. Na ga kafaɗunsa sun sauka, idonsa ya lumshe, kamar wanda aka sauke wa kaya. Bai daɗe a haka ba, ya tuna ina kallo. Ya figi rama cikin hannu, ya kai kunne, ya matse. Ya sake matsewa.

“Ina maganar da aka yi a nan?”

“Ta mutu, ranka ya daɗe.”

“Magana ba ta mutuwa. Tun kakannina ba a taɓa ganin gawarta ba. Ko tana cikin ciyawar nan, ko tana cikin wani. Na matse ciyawa, ba komai.” Ya dube ni. “Wa ke zama a bakin ƙofa?”

Muka fito ya sake tambaya a gaban kowa. Gwamma ce ta amsa, ba ta ko kalle ni ba. “Shi ne. Kullum yana nan.” Na kafe Tunau da ido, ya sunkuyar da kai yana wasa da tsummansa.

Kunnau ya yanke hukunci a tsaye. Baƙo ya sace maganar gari ya zuba a cikinsa, zai fita da ita ya sayar. Ba za a kashe shi ba, don baƙo ne. Za a cire masa harshe idan rana ta karkata. Ya koma ramin ya yi shela, kowane lungu ya ji.

Jama'a, ku dube ni. In an cire mini ƙafa zan yi sanda. In an cire mini hannu, da ma da rara. Amma harshe, da me zan ci abinci a gidan mutane? Kuma na duba fuskokinsu, ban ga mai baƙin ciki ba. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin, hukuncin nan ya yi masa daidai.

Al'adarsu, duk abin da aka yi laifi da shi sai an kai shi bakin Kunnen Gari an ajiye, wai gari ya ji shi. Suka kwance ɗakin kaf, tabarmi, rama, soso, labule, suka tara a bakin ramin kamar tsibin gyaɗa. Aka durƙusar da ni a gefe. Barmo ya buɗe zabira yana wasa aska a tafin hannunsa. Mutane sun cika hawa-hawan gidaje har sama.

Kunnau ya ce, “Kana da magana? Ka yi ta da kyau, ita ce ta ƙarshe.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, gaskiyarka ce, magana ba ta mutuwa. Ƙarya na yi maka. Amma ba a cikina take ba. Ga ta can.” Na nuna tsibin.

“Na matse.”

“A bushe ka matse. Ku tambayi duk mai tufka, rama ba ta sakin abin da ta riƙe sai an jiƙa ta. A zuba mata ruwa a nan inda take. Za ta amayo duk abin da aka faɗa mata, da muryar mai shi, ɗaya bayan ɗaya. Kowa zai ji. In ba ta yi ba, ga harshe, ga aska.”

Askar Barmo ta tsaya a tafinsa. Can sama wata mata ta zauna daɓas.

Kunnau ya daɗe yana kallona. Bai yarda ba, na gani a idonsa. Amma ya ce, “A kawo ruwa.”

Wani ƙato ya tafi ya ɗauko tulu. Yana zuwa daf da tsibin, a kan dutse sumul wanda ko tsakuwa babu, sai ya yi tuntuɓe. Tulu ya fashe can gefe.

Ya ce, “Ƙafata ce, ranka ya daɗe.”

“A kawo wani.”

Wata mata ta ɗauko. Gwamma ta taso wai za ta kama mata, gwiwar hannunta ta daki tulun. Shi ma ya tafi.

Ta ce, “Tsufa.”

Na ukun bai ma iso ba, daga nesa muka ji fashewarsa, bango ya riƙa maimaita mana. Kunnau ya juya yana bin su da kallo ɗaya ɗaya. Kowa ya sami abin dubawa a ƙasa. Sai ya naɗe hannun rigarsa, ya tafi da kansa, ya dawo rungume da tulu.

Ni a lokacin na sallama. Ruwa zai zuba, rama za ta jiƙe ta yi shiru kamar kowace rama, a cire harshe. Har na fara lasar haƙorana ina ban kwana da su.

Ƙaton nan mai tuntuɓe ne ya fara. Ya faɗa kan tsibin ya baje, wai santsi ne. Wani ya faɗa a kansa. Sai gari ya ɓarke. Suna sauka daga hawa-hawa suna ture juna, kowa yana son ya nisanta ramar da tulun, kuma ba inda za a tura ta sai cikin ramin. Suka riƙa cusawa da hannu da ƙafa da taɓarya. Tabarmi suka shige, soso ya bi, aka danna labulen a ƙarshe.

Sai Ƙwarya ta yi shiru.

Dakan jiya ya ɗauke. Atishawar da take yawo ta faɗi a inda take. Mutane suka tsaya baki buɗe, wasu suna taɓa kunnuwansu. Kunnau ya ajiye tulu ya daka tsawa, “A rufe ƙofar gari.” Da can, kafin ya rufe baki maganar ta kai ƙofa. Yau ta tsaya a kan mutanen da ke gabansa, muryar wani siririn tsoho kawai.

Hannu ya shaƙo wuyan rigata ta baya, aka ja ni bayan wani turken dutse. Barmo ne, aska a hannu.

“Buɗe.”

Na datse haƙora.

“Buɗe, ɗan banza, ba ni da lokaci.” Ya matse mini muƙamuƙi. Na ji sanyin ƙarfe, na ji zafi, jini ya cika mini baki ya gangaro ƙirji. Na juya harshena. Yana nan. Leɓe ya tsaga mini, ga tabon, ku matso ku gani.

Ya kawo bakinsa kunnena. Bai iya raɗa ba, sai huci. “Ka ji abin da na faɗa a ɗakin?”

“Ban ji ba.”

“Ƙarya kake.”

“Wallahi ban ji ba.”

“Ko ka ji ko ba ka ji ba, ka kai shi nesa. Mai ƙofa ya ji shelar safe, bai ji ta yanzu ba. Kada ka yi magana.”

Na bi hanyar da take hawa zuwa babbar ƙofa, ina tangaɗi ina zubar da jini yadda zai yi kyau. A ƙofar na tarar da wani tsoho riƙe da mashi, yana tafa hannu kusa da kunnensa, ya ɗauka ya kurumce. Da ya gan ni ya gitta mashin.

“Kai ne baƙon? An cire?”

Na gyaɗa kai.

“Buɗe in gani.”

Na naɗe harshen can baya, na tara jini a gaba, na buɗe. Ya leƙa. Ya daɗe yana leƙe, sannan ya yamutsa fuska ya ce, “Rufe.” Ya janye mashin. Na ɗaga ƙafa zan wuce, sai ya riƙe mini hannun riga.

“Tsaya. Ka ji garin? Ba ya ji.” Ya waiga hagu da dama. “Kai kuma ba ka faɗa. Bari in gaya maka wani abu.”

Na hangi can ƙasa wasu mutane suna hawowa a guje. Kunnau ya aiko da ƙafa abin da murya ta kasa kawowa. Sa'ata ɗaya, ba su taɓa kai saƙo da gudu ba, suna yi suna tsayawa dafe da gwiwa. Na ja hannuna, tsoho ya ƙara riƙewa.

“Tun ina saurayi nake tsaron ƙofar nan. Ka ga tudun can? Ban taɓa sanin abin da ke bayansa ba. Kullum ina kallonsa. In na tambaya, za a ce ina shirin gudu. Matata ta rasu ban gaya mata ba. Kai ka fito ta can ko? Akwai mutane? Ruwa fa?”

Na ce, “Aa, aa,” ina nuna masu zuwa, ina nuna hanya. Maganganu sun cika mini baki sun fi jinin yawa.

Ya dubi masu gudun, ya dubi tudun. Sai ya tura ni waje, ya biyo ni, ya jawo ƙofar ta rufe a bayanmu, ya sa gindin mashinsa ya tokare sakatar ta waje da wani dutse.

Ya ce, “Mu je. Kai ka san hanya.”

To, ku ji irin tsirar da na yi. Na fito da harshena lafiya, ga shi ba damar amfani da shi. Tsohon nan, Jigo sunansa, ya buɗe baki tun daga gindin tudun bai rufe ba. Abin da ya tara tun ƙuruciya duk a kaina ya juye: wanda ya zalunta, wanda ya zalunce shi, matar da ya so bai aura ba, abin da yake tunani game da kowane maƙwabci. Yana faɗa yana cewa, “Kai kaɗai zan gaya wa, tun da ba inda za ta je.” Ga mashi a hannunsa. Da ya ƙara wani sirrin, sai in ƙara tabbata in ya gane ina magana, a dajin zai bar ni.

Muka ƙetare tudun, muka ƙetare wanda ke bayansa. Ya ba da labarai masu kyau ya lalata su, ina ji ina gani, ba halin gyara. Na taka ƙaya, na yi ihu ba kalma. Muka shiga kasuwanni aka cuce mu a ciniki ina tsaye kamar turke. Leɓena ya warke, damina ta sauka ta ɗauke, ina nan ina “aa, aa”.

Ran da muka iso mararrabar da hanyar gida ta rabu da ta teku, ya ce shi teku zai je ya gani. Muka zauna a gindin wata tsamiya ya raba mana guzuri. Ya miƙo mini nawa, ya ce:

“Cindo, ka iya sakin harshen haka nan. Tun a ƙofa na gan shi, ka naɗe shi a baya kamar tabarma.”

Na tsaya da loma a hannu.

Ya ce, “Wanda ba shi da harshe ai dole ce ta sa shi shiru. Ni mai shi nake so ya saurare ni.”

Na buɗe baki. Duk zagin da na tanada tun daga gindin tudu ya taso ya yi cunkoso a maƙogwaro, aka rasa mai fita. Kafin in zaɓi na farko, ya saɓa mashinsa ya kama hanyar teku, yana tafe yana magana shi kaɗai.

Nan na sauke kayana. Wanda ya ga ƙarya a ciki ya tsince ta ya riƙe, sauran nawa ne. A miƙo mini ruwa.